Ranar da Na Gaida Goggo a Tsaye

Tun da na dawo daga Indiya, duk mai ciwon baya a unguwannin Nima da Maamobi, nan Accra, sai an turo mini shi. Ina zaune a ƙofar shago ina ninke atamfa, sai in hango mace ta doso ni, hannu ɗaya dafe da ƙugu, tana taka ƙasa a hankali. Kafin ta buɗe baki na san abin da ya kawo ta. Za ta tambayi biza, ta tambayi jirgi, ta tambayi ko abincin can yana ciwuwa. Ina amsa mata duka, ba na rowar abin da na sani. Idan ta yunƙura za ta tafi nakan ce ta koma ta zauna, akwai saura. Abin da ya fi ba ni wahala a tafiyar nan a tsakar gidanmu na same shi, a gaban matar da ta raine ni.

Goggo ke nan, yayar mahaifina. Uwata ta rasu ina ƙarama, Goggo ta ɗauke ni. Ita ke dama koko, ni ke ɗora bokitin a ka ina bin lungunan Maamobi. Da na girma na bar koko na koma tallar atamfa, ita ma a ka, daga Nima har Circle, babbar mahadar motoci. Sai da na gama haihuwa na samu shago, lokacin baya ya riga ya sha abin da zai sha. Ciwon ya fara daga ƙugu, ina shafa man zafi ina ci gaba da harkata. Daga baya ya gangara ƙafar hagu. Wata rana na sauka daga trotro, motar haya, a Circle, na yi tafiya mai ɗan nisa, sai ga wata mai dakon kaya ta biyo ni da silifa ɗaya a hannu. Tawa ce. Ta zame ban ji ba, ina ta taka kwalta mai zafi da tafin ƙafa.

Likita a nan Accra ya ɗaga hoton bayana ya nuna mini. Ƙashi ɗaya ya goce ya hau kan ɗan'uwansa, yana danne jijiyar da ke tafiya ƙafa. Ya ce sai an buɗe an daidaita, an ɗaure da ƙusoshi. Ana yin aikin a nan, amma masu jira suna da yawa, ƙafar kuwa kullum ƙara mutuwa take yi. Dangi suka zauna suka haɗa hannu, aka ce in tafi waje. Ba wanda ya furta, amma na sani, irin wannan haɗa hannun sau ɗaya ake yi wa mutum. Idan aikin ya lalace, shi ke nan, sai dai in ƙare rayuwata a kan tabarma.

Likitan can ya yi magana da ni ta waya, muna ganin juna, tun kafin a sayi tikiti. Ya ce nasa aikin na yini ɗaya ne, nawa na watanni ne. Har ƙashin ya kama, ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. In na karya dokar ƙusoshin na iya sakewa. Na ce masa to durƙuso fa. Bai gane ba, sai na sa ƙanwata ta yi masa a gaban wayar yadda muke yi, gwiwa a ƙasa, baya a lanƙwashe, kai a sunkuye. Ya girgiza kai ya ce wannan kam ko kusa.

A gidanmu kuwa akwai dokar da ta girmi likitan. Ba a gaida Goggo a tsaye tana zaune. Wurinta ɗaya, tabarma a baranda, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu. Duk wanda ya shigo, mace ko namiji, sai ya kai ƙasa. Ba ta faɗa, ba ta zagi. In ka gaishe ta a tsaye sai ta zuba wa bangon da ke bayanka ido, kamar ba kowa a wurin. Wani jikanta ya taɓa dawowa daga Amurka da ƙaton takalmi, ya tsaya a kanta ya ce sannu Goggo. Bai ji muryarta ba sai ranar da ya cire takalmin ya tsuguna. Ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa fara yini ban durƙusa a gabanta ta ce Allah ya yi albarka ba. Ko da ƙafar ta mutu ban fasa ba, in dafa bango in sauka, a kama ni in tashi. Ita kanta gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. A zaune take salla, kuma sai mata biyu sun tallafe ta take miƙewa, tana yi tana cije leɓe, shi ya sa ba ta tashi sai dole.

Tun farko ba ta son tafiyar. A wurinta ba a yanka baya. Akwai mai ɗori a Sabon Zongo da ya gyara ƙafafun mahauta ba iyaka, me zai kai ni ƙasar da ban san kowa ba a sa mini ƙarfe a jiki. Duk da haka na je na same ta, domin ba na son in dawo da abin da ban faɗa ba. Na durƙusa, ta amsa, sannan na ce, "Goggo, in na dawo ba zan iya kai gwiwa ƙasa ba sai ƙashin ya kama. Likita ya hana."

Ta ja carbi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Shi likitan, shi ya goya ki?"

"A'a, Goggo."

"To. Je ki dawo, ma gani."

Na san wannan ma gani ɗin, da shi na girma. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ban san yadda zan zauna gida ɗaya da ita ba tana kallon bango. Amma kafin a ɗaga ni daga wurin na riga na yanke. Ko za ta shekara ba ta amsa ba, bayana ba zai lanƙwasa ba sai likita ya ce.

Abu na farko da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne ɗan rakiya. A Zongo babba ake turawa, ko mai haƙuri, irin wanda bai iya ce wa kowa a'a ba. Dangi sun so haɗa ni da wata 'yar'uwarmu mai sanyin hali, ta je hajji, ta san jirgi. Na ƙi. Na ce ƙanwata nake so, mai sayar da wake da shinkafa a bakin titin Nima, wadda direbobin trotro ke shakkar bakinta. Ni da ita ba ma zama wuri ɗaya ba mu yi cacar baki ba. Amma ba ta jin kunyar kowa, ni kuwa kunya ce nake tsoron ta karya mini baya.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninta. Da labari ya bazu cewa Indiya za mu, gidan ya cika da masu sautu. Wannan tana son turare, waccan awarwaro irin na fim, wata man gashi, wata har da tukwane. Duk wanda zai yi tafiya a unguwarmu haka ake yi masa, kuma ƙin karɓa abin magana ne. Da ni kaɗai ce da na karɓa, in dawo da akwati kamar na amarya. Wata maƙwabciyarmu ta miƙo ƙullinta tana cewa, "Anti, nawa ba nauyi koraa, ko kaɗan, ɗan abu ne."

Ƙanwata ta tare ƙofa. "Asibiti mu na tafi, ba kasuwa ba. Wa zai ɗauka? Bayan da za a yanka? Maida abinka, in mun dawo da rai ka zo ka yi barka."

Matar ta fita tana ƙunƙuni. Na ji kunya har kunnena, na kuma ji daɗi.

Na biyu, a gyara gidan da za a dawo kafin a gyara jaka. Wannan ba likita ne ya gaya mini ba, ni na zauna na bi yinina a zuci, daga tashi zuwa kwanciya, ina lura da duk inda nake sunkuyawa. Sai na ga rayuwarmu duk a ƙasa take. Katifata a ƙasa, murhu a ƙasa, tukunya da kwano a ƙarƙashin gado, banɗakin gidan na tsuguno. Na kira kafinta ya yi wa katifar gado mai tsayin gwiwa. Ya yi mini kujera mai rami da za a ɗora a banɗaki, yana aikin yana dariya, na ce ya yi dariyarsa amma ƙafafun su yi ƙarfi. Kayan sawa da kofi da buta aka hau da su kan tebur. Katakon da muke tsallake kwata da shi a bakin lungu ya ruɓe yana lilo, na sa aka canza shi da mai faɗi. Mutanen gida suka ce na cika tsirfa, ban kula su ba.

Jaka ɗaya muka yi, mai taya. Riguna masu buɗewa ta gaba, don ɗaga hannu a cusa kai cikin riga shi ma murɗa jiki ne. Takalmi silifa, wanda ba sai an sunkuya ba. Hotunan baya da takardun likita da magunguna a jakar hannu, kada a yarda su bi kaya, kaya kan yi nasu yawon. Katin allurar shawara kusa da fasfo, don za a tambaya. Garin rogo da shito, soyayyen yajinmu na gida, a ɗaure tam cikin leda kan leda, kuma na gode Allah da muka tafi da su, domin yajin can daban ne da namu, cikina bai karɓe shi ba. Tikitin dawowa kuwa a sayi wanda ake iya ɗaga ranarsa. Ba mai ciwo ke sa ranar dawowa ba, likita ne.

A filin jirgi aka kawo keken marasa lafiya. Na ce ba na so, ni da na yi shekaru ina ratsa Circle da kaya a ka ba za a tura ni kamar buhu ba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, zauna. Ba wanda ya san ka a nan." Na zauna. Inda muka sauka canza jirgi na ga tsawon tafiyar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, na daina musu. Yanzu nakan ce a nemi keken tun lokacin sayen tikiti, zuwa da dawowa, a kuma nemi kujerar bakin hanya, inda mutum zai miƙe ya taka ba sai ya tsallake kowa ba.

Aikin kansa ba ni da labarinsa da yawa, ina barci aka yi. Na farka baki a bushe, baya kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Likita ya yaye mayafi ya ce in motsa babban yatsan ƙafar hagu. Ya motsa. Ya taɓa tafin ƙafar da biro, na ji sanyinsa. Ƙanwata ta juya ta fuskanci taga, wai tana duba ko za a yi ruwa.

Daga nan nawa aikin ya fara. Aka ɗaura mini ɗamara mai tauri daga ƙirji zuwa ƙugu. Aka koya mini juyi a gado gaba ɗaya kamar taɓarya, kafaɗa da ƙugu tare, da yadda zan zuro ƙafafu in tashi ban naɗe ba. Da aka sallame mu muka kama ɗaki kusa da asibitin, a ƙasa, ba hawa bene. Kullum ina takawa a baranda, yau zuwa ƙofar maƙwabci, gobe gaba kaɗan. Salla a kujera. Alwala kuwa, in na kai ƙafa sai ƙanwata ta tsuguna ta wanke mini, tana yi tana mita, wai ta bar tukunyarta a hannun mutane ta zo wankin kaushi. Amma tsakanin yatsu take bi ɗaya bayan ɗaya, ta goge da tawul, ta sa mini silifa.

Abin da na gano a ɗakin nan shi ne jiki yana da nasa hankalin. Carbi zai faɗi, kafin in yi tunani hannu ya tafi, baya ya bi shi. Sai in ji tsawa daga bayana, "Bar shi." Na koyi barin abin da ya faɗi ya kwanta har a zo a ɗauka. Wannan ya sa na fara tunanin baranda da tabarma. In carbi kaɗai yana ja na ƙasa, ina ga idon Goggo. Na gaya wa ƙanwata, sai ta shimfiɗa zani a ƙasa ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta tsuke baki ta zuba wa bango ido. Wallahi kamar Goggo ce aka ɗauko. Na shigo na yi sallama, gwiwoyina suka saki da kansu. Ta ce, "Koma, ka faɗi." Muka yi dariya har ɗinkin ya yi mini zafi. Amma kullum sai mun yi, in shigo, in tsaya, in gaisa, ita ta ƙi amsawa, ni in ƙi sauka.

Da likita ya yarda mu tafi, ya ba mu takardar cewa zan iya hawa jirgi, ya sake nanata dokarsa. A jirgi na sa ɗan matashi a ƙugu, ina tashi ina zagawa har masu aikin jirgin suka saba da ni. Da muka sauka ƙanwata ta ja jakar, ni ko jakar hannu ba ta bari na rataya ba. Tasi muka ɗauka, don kujerar trotro da tsalle-tsallensa ba na mai sabon ɗinki ba ne. Na zauna gaba, ita tana baya tana gaya wa direba ya lallaɓa a kowane rami, har ya tambaya ko ƙwai muka ɗauko.

Mota ba ta shiga lungunmu. Muka sauka a titi da hantsi, na taka sabon katakon na tsallake kwata. Mata suka fito da guɗa, kowa na son rungume ni. Ƙanwata ta shige gaba tana buɗe hannu, "A gaisa daga nesa, ba taɓawa." Haka muka ratsa har tsakar gida, jama'a na biye da mu.

Goggo tana inda na bar ta. Tabarma, carbi, ƙafafu a miƙe. Ta rame kaɗan. Hayaniyar ta mutu da kanta, don kowa a gidan ya san dokar, kowa kuma ya ji abin da likita ya ce. Na matsa har bakin tabarmar. Duk gwajin da muka yi a Indiya ya gudu ya bar ni, gwiwoyina suka fara neman ƙasa. Sai na ji yatsun ƙanwata sun kama ɗamarar ta baya. Ta riƙe gam.

Na ce, "Goggo, ina kwana. Na dawo."

Ta ɗaga ido ta wuce ni da shi, ta ajiye a bangon da ke bayana. Wata tsohuwa daga gefe ta raɗa mini, "Ɗan rusuna ko kaɗan ne, 'yar nan." Na ji kamar in yi. Kaɗan ɗin ba zai kashe ni ba, na ce a raina, sannan na tuna silifar nan a hannun mai dako, da dangin da ba za su iya sake haɗa hannu ba. Na daddage na tsaya. Ban taɓa jin na yi rashin kunya irin na ranar ba.

Na sake cewa, "Goggo, ina kwana."

Ta ja carbi ɗaya, biyu. Sannan ta naɗe shi a hannu, ta dubi matan da ke kusa da ita ta ce, "Ku kama ni."

Suka dubi juna. Ta ce, "Ba ku ji ba ne?" Mata biyu suka shiga ƙarƙashin hammatarta. Ta cije leɓe, gwiwoyin suka yi ƙara, ta taso a hankali tana nishi har ta tsaya a kan ƙafafunta. Na manta rabon da in gan ta a tsaye kusa da ni haka. Ashe kanta iyakar ƙirjina yake. Ta miƙo hannu ta shafa ɗamarar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai gwada tukunya a kasuwa, ta zagaya da hannun baya ta dafa inda aka yi aikin.

Ta ce, "Nan ne?"

"Nan ne, Goggo."

"Ƙafar fa?"

"Tana ji."

Ta gyaɗa kai. Ta juya ga mutanen gida ta ce, "Duk wanda na ga ya sa ta sunkuya, ko tsinke ne ya faɗi, da ni zai yi." Sannan ta dawo da ido kaina, wannan karon a fuskata. "To, ga ni a tsaye. Sake gaisuwar, ɗazu ban ji ba."

Na ce, "Ina kwana, Goggo."

"Lafiya lau. Sannu da hanya. Allah ya yi albarka."

Na so in faɗa jikinta, ba hali. Na tsaya ƙyam kamar yadda aka koya mini, ƙanwata riƙe da ni ta baya, mata biyu riƙe da ita, hawayena na sauka a kan ɗankwalinta. Daga ranar har likita ya sake ni, kowace safiya in na fito sai in ji ta daga baranda tana kiran a zo a kama ta.